Ɗanɗano Ko Satar Fasaha? Tsokaci A Kan Sauke Wasannin Bidiyo Don Gwaji Kafin A Saya

Gabatarwa

Daga cikin muhawarorin da masu sha'awar wasannin bidiyo suka daɗe suna tafkawa, akwai wata tambaya da har yau ba a rufe babinta ba. Tambayar ita ce: shin laifi ne mutum ya sauke kwafin wasa na sata domin ya gwada shi, da niyyar idan ya yi masa daɗi ya saya, idan kuwa bai yi ba ya goge? Masu yin haka ba sa kallon kansu a matsayin ɓarayi. Cewa suke yi ɗanɗanawa kawai suka yi, kuma ba wanda ya yi asarar ko sisi. Su kuwa masu ƙera wasannin, amsarsu ita ce ba wanda ya nemi izininsu kafin a ɗanɗana.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda al'amarin yake, da hujjojin kowane ɓangare, da abin da bincike ya gano. Ra'ayin da zan kafa wa hujja shi ne, koken masu gwajin koke ne na gaskiya, amma ɗanɗano abu ne da mai kaya ke bayarwa, kuma shi ne ke yanke girmansa. Wanda ya miƙa hannu ya ɗiba da kansa ya yi wani abu daban, ko da ya kira shi gwaji.

Yadda Kwafin Sata Yake Samuwa

Wasan bidiyo manhaja ce, wato tarin umarni da hotuna da sauti da kwamfuta ko wayar hannu ko na'urar wasa ke sarrafawa. Da yake kwafe manhaja ba shi da wuya, kamfanoni kan sa wa wasanninsu wani makulli na lantarki wanda ke tabbatar da cewa mai wasan ya biya kuɗi kafin ya buɗe masa. Mafi shahara daga cikin irin waɗannan makullai a yau shi ne Denuvo, wanda wani kamfanin ƙasar Ostiriya ya fito da shi a shekarar 2014.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai gungun masana kwamfuta da suka mayar da fasa waɗannan makullai abin gasa a tsakaninsu. Da zarar sun fasa, sai su watsa wasan a intanet. Daga nan wani ya sauke da kansa, wani kuma ya je shago a ɗura masa a kwamfuta a kan kuɗi kaɗan, kamar yadda ake yi a kasuwannin kayan kwamfuta na biranenmu. Irin wannan kwafi cikakken wasa ne daga farko har ƙarshe. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake waiwayarsa.

Matsalar Suna

A matsayinmu na ɗaliban harshe, mun san cewa sunan da aka raɗa wa abu yakan yanke masa hukunci tun kafin a zauna shari'a. A wannan muhawara akwai kalmomi uku da kowannensu ke ɗauke da hukunci a cikinsa: sata, gwaji, da saye.

Mu fara da sata. A Hausa muna cewa "satar fasaha", kuma mun saba jin kalmar a bakin marubuta da masu shirya fina-finai. To amma a ma'anarta ta asali, sata tana nufin a ɗauke abu daga hannun mai shi ya wayi gari ba shi da shi. Wanda aka sace wa akuya ya rasa akuya. Wanda aka kwafe wa wasa kuwa wasansa na nan a hannunsa. Wannan bambanci ba masu kwafi kaɗai ke faɗarsa ba. A shekarar 1985 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Dowling, ta yanke cewa keta haƙƙin mallakar fasaha ba daidai yake da satar kaya ba, laifi ne mai zaman kansa da dokokinsa. Abin da mai kwafi ya taɓa shi ne ikon mai fasaha na yanke wanda zai ba kwafi da kuma a kan nawa. Wannan iko shi ne doka ke karewa. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajojin kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa, ta kuma haramta fasa makullan lantarki da aka sa musu.

Kalmar saye ma ba ta tsira ba. Wanda ya biya kuɗin wasa a shagon intanet, lasisin yin wasan aka ba shi, ba mallakarsa ba. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da ke tafiyar da wasan tseren motoci mai suna The Crew, sai wasan ya daina aiki ko ga waɗanda suka biya kuɗinsu. A shekarar 2025 wata doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai ciniki cewa lasisi yake karɓa idan sun yi amfani da kalmar saye. Ke nan kamfanoni ma suna da nasu wasa da kalmomi.

Saura kalma ta uku, gwaji, wadda ita ce ƙashin bayan wannan maƙala.

Hujjar Masu Gwaji

Adalci ne a fara da gabatar da hujjar masu gwaji da dukkan ƙarfinta. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki a Amurka mai suna Phillip Nelson ya raba kayan saye gida biyu. Akwai waɗanda ake gane ingancinsu da ido kafin a biya, kamar yadi ko tumatir. Akwai kuma waɗanda ba a sanin ingancinsu sai an yi amfani da su, kamar abincin gidan abinci ko fim. Wasan bidiyo yana cikin rukuni na biyu. Hoton talla ba zai gaya maka ko wasan zai yi maka daɗi ba, balle ya gaya maka ko tsohuwar kwamfutarka za ta iya ɗaukarsa. Bahaushe na kiran irin wannan ciniki da cinikin biri a sama.

Kuɗin da ake magana a kai kuma ba kaɗan ba ne. Shekara da shekaru farashin sabon babban wasa yana dala 60. Daga 2020 ya fara komawa dala 70, sannan a 2025 kamfanin Nintendo ya sayar da Mario Kart World a kan dala 80.

Bugu da ƙari, an sha yaudarar masu saye. A 2013 aka fito da wasan Aliens: Colonial Marines, sai jama'a suka tarar ya sha bamban da abin da aka nuna musu a matsayin samfuri kafin fitowarsa. Magana ta kai kotu a Amurka, har a 2014 kamfanin Sega ya amince ya biya dala miliyan 1.25 domin a sasanta. A watan Disamba na 2020 kuma Cyberpunk 2077 ya fito cike da kurakurai a kan tsofaffin na'urori, har kamfanin Sony ya cire shi daga shagonsa na PlayStation ya kuma mayar wa mutane kuɗinsu. Sai a watan Yuni na 2021 aka mayar da shi shagon. Wanda ya taɓa ganin haka, ba za a zarge shi ba idan ya ce gani ya kori ji.

Wannan koke yana da gurbi a tarbiyyarmu ta ciniki. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan hana cinikin da ke cike da duhu, da kuma zaɓin da mai saye ke da shi na mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Saboda haka ban ga dalilin musanta cewa mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai saya ba. Tambayar ita ce ta wace hanya zai sani.

Ɗanɗano A Kasuwa Da Ɗanɗano A Wasa

Mu dubi yadda ɗanɗano yake a kasuwarmu. Idan ka tsaya wajen mai kilishi ko mai tsire, yakan yanko ɗan ƙarami ya miƙa maka. Idan ya yi maka ka saya, idan bai yi ba ka wuce, ba wanda zai riƙe maka riga. Idan aka lura, wannan al'ada tana tsaye ne a kan sharuɗɗa uku. Na farko, mai kaya ne ke bayarwa. Na biyu, ɗan ɓangare ne na kayan. Na uku, yana da ƙarshe: da ka haɗiye sai ka yanke shawara. Da a ce wani zai ɗauke faifan kilishin gaba ɗaya ya tafi gida, ya ce idan ya cinye ya ji daɗi zai dawo ya biya, ba wanda zai kira wannan ɗanɗano ko da mutumin ya dawo ya biya.

Masana'antar wasanni ta san wannan al'ada tun da daɗewa. A farkon shekarun 1990 wasu kamfanoni a Amurka sun riƙa raba kashin farko na wasa kyauta, su ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya aiko da kuɗi a aika masa sauran. Ta haka kamfanin id Software ya fito da Doom a watan Disamba na 1993. Kashin farko mai matakai tara kyauta ne, sauran kashi biyun kuwa sai an biya. Wasan ya bazu a duniya, kamfanin kuma ya yi arziki. Bayan haka mujallun wasanni suka riƙa fitowa da faifai maƙale a bangonsu ɗauke da samfuran gwaji, waɗanda ake kira demo.

Daga baya wannan ɗabi'a ta ja baya. Shirya samfurin gwaji yana cin kuɗi da lokaci, sannan wasu kamfanoni sun fara zargin yana rage ciniki. A 2013 wani fitaccen mai tsara wasanni, Jesse Schell, ya gabatar da alƙaluman na'urar Xbox 360 da ke nuna wasannin da aka yi wa bidiyon talla kawai sun ninka masu samfurin gwaji ciniki. Ko yaya aka fassara waɗannan alƙaluma, sakamakon dai shi ne manyan kamfanoni da yawa sun daina ba da ɗanɗano, a daidai lokacin da shagunan intanet ba sa mayar da kuɗi. A wannan zamani ne hujjar "na sauke ne don gwaji" ta fi ƙarfi, domin mai saye ba shi da wata ƙofa ta halal.

Ƙofofin Da Aka Buɗe

Al'amura sun sauya. A watan Yuni na 2015 kamfanin Valve, mai shagon Steam wanda shi ne mafi girma wajen sayar da wasannin kwamfuta, ya fito da ƙa'idar mayar da kuɗi. Duk wanda ya sayi wasa, matuƙar bai wuce kwana 14 ba kuma bai yi wasan na sama da awa biyu ba, yana iya neman kuɗinsa ko da dalilinsa shi ne wasan bai yi masa daɗi ba. Wannan sauyi ya zo ne a lokacin da kamfanin ke fuskantar ƙara a Ostireliya, inda hukumar kare masu saye ta gurfanar da shi a 2014, kotu kuma ta ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3 a 2016 saboda gaya wa mutane cewa ba su da haƙƙin a mayar musu da kuɗi. Darasin da ke nan shi ne doka da matsin lambar masu saye ne suka buɗe wannan ƙofa.

Shagon GOG ya ƙara gaba a 2020, inda ya ba da kwana 30 ko da an sauke wasan an yi shi. Samfuran gwaji ma sun dawo. Tun 2021 Steam ke shirya wani biki mai suna Next Fest sau uku a shekara, inda ake sakin ɗaruruwan samfuran wasannin da ba su fito ba kyauta. Shagon Epic yana raba cikakken wasa kyauta kowane mako. Ga kuma YouTube da Twitch, inda mutum zai zauna ya kalli wani yana yin wasan daga farko har ƙarshe.

Ba duk ƙofofi ne suka buɗe daidai ba. A shagon PlayStation, alal misali, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 ne idan mutum bai fara sauke wasan ba, sai fa idan wasan na da aibi. Awa biyun Steam ma ba ta isa a gane wasan da aka tsara a yi awa 60 ana yi ba. Duk da haka, ga mai wasa a kwamfuta, wanda shi ne ya fi samun kwafin sata cikin sauƙi, hanyar gwaji ta halal tana nan a buɗe.

Abin Da Bincike Ya Gano

Shin masu saukewa suna dawowa su saya? Bincike biyu sun cancanci a ambata. Na farko, Hukumar Tarayyar Turai ta biya wani kamfanin bincike mai suna Ecorys yuro 360,000 ya nazarci tasirin satar fasaha. An tambayi mutane wajen 30,000 a ƙasashe shida: Jamus, Faransa, Birtaniya, Sifen, Polan da Suwidin. An kammala rahoton a 2015, amma bai fito fili ba sai a 2017. Binciken bai sami tabbatacciyar hujjar cewa kwafin sata yana rage cinikin wasanni ba, har ma alƙalumansa sun karkata ga cewa yana iya ƙara shi. Sai dai tazarar kuskuren da ke cikin wannan lissafi tana da faɗi ƙwarai, kuma amsoshin daga bakin mutane aka ɗauko su.

Na biyu, a 2024 wani mai bincike a Amurka, William Volckmann, ya nazarci wasanni 86 masu makullin Denuvo. Ya gano cewa idan aka fasa makullin da wuri bayan fitowar wasa, kuɗin shiga kan ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma idan an wuce mako 12 kafin a fasa, asarar kusan babu. Wannan yana nuna cewa daga cikin masu saukewa akwai waɗanda da za su saya idan da ba su sami na banza ba.

Akwai kuma wani gwaji mai ban dariya da ban tausayi. A watan Afrilu na 2013 wasu 'yan'uwa biyu masu ƙaramin kamfanin Greenheart Games suka fito da Game Dev Tycoon, wasan da mutum ke tafiyar da kamfanin ƙera wasanni, a kan kimanin dala 8. Su da kansu suka saka wani kwafi a dandalin masu sata, wanda a cikinsa masu satar fasaha ke karya kamfanin mai wasan. Bayan kwana ɗaya suka ƙirga: mutum 214 ne ke amfani da kwafin halal, 3,104 kuma na sata. Wasu daga cikin masu kwafin satar har suka shiga intanet suna kuka cewa ɓarayin fasaha sun hana su cin riba a cikin wasan. Laifi tudu ne. Abin lura kuma shi ne wasan yana da samfurin gwaji kyauta tun ranar farko.

Inda Hujjar Ta Raunana

Idan muka auna kwafin sata da sharuɗɗan ɗanɗano uku da na ambata, za mu ga bai cika ko ɗaya ba. Mai kaya bai bayar ba, ba ɓangare ba ne, kuma ba shi da ƙarshe sai wanda mai saukewa ya ga dama ya sa.

Sharaɗi na uku ya fi damuna. Alkawarin "zan saya idan ya yi daɗi" alkawari ne da mutum ya yi wa kansa, ba shaida, ba wa'adi, kuma shi ne alƙalin kansa. Yaushe gwajin zai ƙare? Bayan awa biyu, ko goma, ko bayan an ga ƙarshen labarin? Idan ya gama wasan, ana neman ya fitar da dala 70 ya sayi abin da ya riga ya more, alhali ga wani sabon wasa yana jiransa. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya kasa cika irin wannan alkawari. Zuciya gwana ce wajen samo dalili: ƙarshen bai yi daɗi ba, ko bari farashi ya sauka, ko sai an biya alawus. Ban musanta akwai masu cikawa ba, amma tsarin da ya rataya a kan kowa ya yi wa kansa hukunci a ɓoye ba tsari ne da za a gina kasuwa a kansa ba.

Abu na biyu, yawancin masu saukewa suna amfani da hanyar toren, wadda a cikinta kwamfutarka ke aika wa wasu guntayen wasan a daidai lokacin da take karɓa. Saboda haka ko niyyarka gwaji ce, ka taimaka wajen raba wasan ga mutanen da ba ka san niyyarsu ba.

Abu na uku, ba kowane wasa ne na katafaren kamfani ba. Dubban wasannin da ke fitowa duk shekara na mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan, waɗanda kuma shago ke cire kashi 30 cikin ɗari daga cinikinsu. Waɗannan ko hanyar halal takan cutar da su idan aka yi mata rashin amana. A 2021 mai ƙera wani gajeren wasa mai suna Summer of '58 ya sanar da cewa zai dakata da sana'ar, saboda mutane na gama wasan cikin ƙasa da awa biyu, su yabe shi, sannan su karɓi kuɗinsu. Ƙa'idar shago ta ba su dama, amma kowa ya san wannan ba gwaji ba ne.

Abu na huɗu ya shafi mai saukewar kansa. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja mai suna Crackonosh da aka ɓoye a cikin kwafin sata na wasanni irin su Grand Theft Auto V. Ta shiga kwamfutoci sama da 220,000, ta kashe musu kariya, ta mayar da su injinan haƙar kuɗin intanet, masu ita suka tara sama da dala miliyan 2. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga ɗalibin da kundin bincikensa ke cikin wannan kwamfuta, wannan caca ce mai tsada.

Akwai yanayi guda da hukunci ke sauyawa, wato idan mai kaya ya yarda. A 2012 Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin da ya ƙirƙiro Minecraft, ya gaya wa wani da ya koka da rashin kuɗi cewa ya sauke na sata, idan ya sami hali daga baya ya saya. Masu gwaji suna yawan kafa hujja da wannan. Ni kuwa gani nake ya ƙarfafa abin da nake faɗa ne: mai kilishi ne ya miƙo da hannunsa, kuma kyautarsa ba ta zama izini a kan kayan maƙwabcinsa ba.

Ina Ɗalibin Nijeriya Ya Tsaya?

Wani zai ce duk wannan maganar masu kuɗi ce. Yana da hujja. A watan Yuli na 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan naira 70,000, alhali a ƙarshen wannan shekara dala 70 ta haura naira 100,000. Wasa guda ya fi albashin wata. Tsakanin 2022 da 2025 kuma bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗi a ƙasashen waje da katin naira, ta yadda ko mai niyyar saye yakan rasa hanya. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya taɓa cewa a 2011 satar fasaha matsala ce ta rashin kyakkyawar hidima ga masu saye, ya kuma ba da misali da Rasha, inda ciniki ya haɓaka bayan an sauƙaƙa wa mutane hanyar saye. Kamfanonin da suka ƙi sassauta wa ƙasashe matalauta farashi suna da nasu kaso na laifi.

To amma a lura, wannan wata hujja ce daban. Wanda ya ce ba shi da kuɗi ba gwaji yake yi ba, domin ko wasan ya yi daɗi ba zai saya ba. Ina ganin ya fi kyau ya kira abin da sunansa, sannan a yi muhawara a kan talauci da farashi, maimakon ya ara wa kansa rigar mai ɗanɗano. Sannan wasa ba magani ba ne, ba kuma littafin da za a yi jarrabawa a kansa ba. Rashinsa ba ya jawo larurar da ke halatta abin da aka hana. Ga wasanni na kyauta masu yawa, ga rangwamen da shaguna ke yi sau da dama a shekara inda tsofaffin wasanni ke faɗuwa zuwa 'yan daloli. Ga Musulmi kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa.

Batun kuma ya fara zuwa gida. Kamfanin Maliyo Games yana ƙera wasannin waya a Legas tun 2012, Leti Arts na aiki a Gana, sannan Kiro'o Games na Yawunde ya fito da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan al'adun Afirka. Mun ga yadda masu kwafi suka taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa. Wata rana wani daga cikinmu zai fassara wasa zuwa Hausa, ko ya rubuta labarinsa, ko ya sa muryarsa a ciki. Ɗabi'ar da muka raina a yau ita ce za ta tarbi aikinsa.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa kwafe wasa ya bambanta da satar akuya, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai saya, musamman ganin yadda wasu kamfanoni suka yi yaudara. An kuma ga cewa ɗanɗano na gaskiya mai kaya ne ke ba da shi, ɓangare ne, kuma yana da iyaka, sannan daga 2015 zuwa yau an buɗe hanyoyin gwaji na halal da dama. Shawarata ga duk wanda hannunsa ya kai ga maɓallin saukewa ita ce ya tambayi kansa abu uku. Shin wasan yana da samfurin gwaji ko damar mayar da kuɗi? Shin ina da kuɗin da zan biya a yau idan ya yi mini daɗi? Shin zan yarda in gaya wa wanda ya ƙera shi abin da nake shirin yi? Idan kamfani ya ƙi ba da ɗanɗano ya kuma ƙi mayar da kuɗi, mai saye yana da makamin da ba wanda zai zarge shi a kai: ya riƙe kuɗinsa, ya gaya wa abokansa dalili, ya kai cinikinsa wajen wanda ya mutunta shi.